Kunu a Cikin Tukunyar Mato

Mu biyu muka bar Allakaye, ni da Arzika ɗan gwaggona. Bayan shekarun fara ne, kafin babban yaƙin Nasara. Gona ta ƙi, rumbu ya zama ɗakin ɓeraye. Gwaggo maginiyar tukwane ce. Da yumɓu a hannunta ta kama wuyan rigata ta ce, "Nomau, kai ab babba. Biyu kunka tahi, biyu nika so." Na gyaɗa kai. Ni dama ba mai magana ba ne.

Arzika shi ne mai baki. Taubashina ne, yana da izinin zagina daga safe har faɗuwar rana, kuma bai taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. Bebe yake kirana.

A ƙasa muka isa Agadas, da jaki ɗaya, kowa da jakar garin gero. A kasuwa wani mai babbar riga ya tare mu, Hausarsa irin tamu, ya ce shi ma ɗan Adar ne. Ya ce akwai aikin hanya a ƙasar Larabawa, can Tamanrasat, tuwo sau biyu a yini. Ya karɓi jakin ya ce ajiya ce, ya kai mu wani gida mai dogon bango, ya miƙa mu ga wani Banasare, ya ce yana zuwa. Har yau yana zuwa.

Banasaren tsohon soja ne da ya koma fatauci. Wuyansa ja kamar ɗanyen nama, sai Arzika ya sa masa Jan Wuya. Hausarsa zagi ce da umarni, ba ta wuce nan ba. Yana da bindigar farauta mai baki biyu da ƙaramar mato, gaba ɗaki mai cin mutum biyu, baya a buɗe. An cika bayan da fatu da lalle, da tano, wato ganga, na mai da tano na ruwa, da dogayen farantai biyu na ƙarfe. Aikinmu su ne farantan nan. In mato ta nutse a rairayi mu haƙa, mu shimfiɗa su gaban ƙafafunta, ta hau, mu ɗauke mu sheƙa da gudu mu sake shimfiɗawa.

Mai tuƙin Kojo ne, gajere, ɗan Dahome. A Damagaram ya koyi Hausa. Yana da ɗan gicciye a wuya. Ran da muka tashi ya dube mu ya ce, "In ya ɗaga hannu kada ku kare. In kun kare sai ya ƙara."

Jan Wuya ba ya jure zafi. In rana ta take sai idanunsa su juye, ya fara duka. Saboda haka Kojo ya ƙera masa wani abu a tagar ɗakin mato: katako mai kusurwa huɗu, an cusa masa ciyawa, an rufe da buhu. A samansa akwai gwangwani da siririn bututu mai ƴan ramuka, ruwa yana ɗiga kan buhun. In mato tana gudu iska ta ratsa jiƙaƙƙen buhu, sai ta shiga ɗakin da sanyi. Mu muna baya kan fatu, rana tana gasa mu. Arzika aka ba aikin cika gwangwanin.

"Bebe, ka gani," in ji shi. "Ni ne sarkin ruwan buhu. Buhu shina sha, ni ina kallo."

A Tagidda, garin gishiri, muka ɗebi ruwa mai ɗaci. Da muka wuce ta sanyin ya ɗauke. Jan Wuya ya sa aka tsaya, ya fito da tsohuwar igiyar fankar inji da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ya yi ta zabga wa Arzika a baya har riga ta manne da jini. Ya ce bai cika gwangwani ba. Gwangwanin kuwa cike yake.

Kojo ya jira aka gama. Sannan ya taɓa buhun, a bushe. Ya taɓa gwangwanin, da nauyi. Ya cire bututun ya busa, iska ba ta fita ba. Ya lashi bakinsa ya tofar.

"Gishiri ya toshe ramukan," ya ce.

Ya karyo ƙayar farar ƙaya ya bi ramukan yana tsokana, ruwa ya koma ɗiga. Haka yake aiki kullum: ya taɓa, ya sunsuna, ya saurara, kafin ya ɗauki ƙarfe. Jan Wuya ya koma cikin sanyinsa. Bai dubi bayan Arzika ba. Kojo ne ya shafa masa man inji a kan shatar, ya ce aƙalla ƙuda ba zai sauka ba.

A rijiyar In Abangarit wata tsohuwar Buzuwa ta ga bayan Arzika. Ba ma jin harshenta, ba ta jin namu. Ta kwance bakin mayafinta ta ba shi cuku da dabino kaɗan, ta juya ta bi awakinta. Ya raba biyu ya ba ni ƙaramin.

"Bawa ba ya cin babban rabo," ya ce.

Daga nan babu itace, babu tsuntsu. Ƙasa shimfiɗe, tsakuwa da rairayi. Ni ɗan tudun Adar ne, na saba duk inda na waiwaya in ga dutse da kwari. Nan ido ba ya samun abin da zai tsaya a kai. In na rufe ido sai in ga fadamar garin Buza da albasa kore shar, in na buɗe sai fari fat.

A nan ne mato ta fara shan ruwa fiye da ƙa'ida. A gabanta akwai wani abu kamar saƙar zuma ta ƙarfe, ruwa yana zagayawa ciki yana sanyaya inji. Kojo yana ce masa radiyatar, mu muna cewa tukunyar mato. Kowace tsayawa sai an ƙara mata, tano yana ta sauka. Jan Wuya ya ce Arzika ke satar sha. Ya sake fito da igiyar, a kan shatar da ba ta warke ba.

Kojo ya kwanta ƙarƙashin mato ya daɗe. Ya fito da yatsa a jiƙe.

"Ba wanda ya sha. Tukunya ce ta tsage, can ƙasa. Tsaga kamar gashi."

Ba shi da dalmar liƙi. Ya ce sai dai a yi ta ƙarawa har mu kai barikin soja na bakin iyaka. Ya ce a daina jiƙa buhu, ruwa zai isa. Jan Wuya ya mare shi. Buhu ya ci gaba da sha. Mu aka rage wa.

Leɓena ya tsage. Arzika ya rage magana, wannan ne ya ba ni tsoro.

Da tsakar rana muke tsayawa, kowa ya shige inuwar mato har zafi ya karye. Wata rana na farka na ga Arzika yana saukowa daga gaban mato, jakar garinsa a hannu, ta yi sakayau. Yana murmushi da tsagaggen baki.

"Mi ka yi?" na ce.

"Na dahe tukunya."

A gidanmu in gwaggo ta gasa sabuwar tukunya tana tsatsafar da ruwa, ba a jefar da ita. Dama gari ake yi a ciki a ɗora a wuta, kunun ya shiga kowace kafa ya toshe ta. Tun muna rarrafe muke ganin haka. Arzika ya ga tukunya mai yoyo, ga wuta a ƙarƙashinta. Ya juye mata abincinsa na sauran tafiya.

"Duka?" na ce.

"Babbar tukunya ce, Bebe. Inna ba ta rowa."

Yoyon ya tsaya. Da la'asar Kojo ya buɗe murfi ya ga ruwa bai sauka ba, ya shiga ƙarƙashi ya shafa, a bushe. Ya fito yana sosa ƙeya, ya sumbaci gicciyensa. Ranar an ƙara mana ruwa. Arzika ya yi ta waƙar daka a bayan mato da muryar mata har Kojo ya yi dariya.

Kashegari da hantsi, muna tsakiyar wani fili mai rairayi mai laushi, inji ya fara ƙara kamar ana kwankwasa ƙwarya. Tururi ya turnuƙe gaban mato. Kojo ya kashe ta.

Sai ƙamshi ya zo mana baya. Ƙamshin kunun gero, irin na safiyar gidanmu lokacin da mata suka sauke tukunya. A wannan fili da ko ƙuda babu. Yawu ya zo bakina da ya bushe. Na dubi Arzika. Murmushin ya tafi.

Kojo ya duba igiyar fanka, lafiya lau. Ya juya fankar da hannu, tana juyawa. Ya sa tsumma ya taɓa saman tukunyar ya janye hannu da sauri. Ya taɓa ƙasanta, ya bar hannun a kai.

"Sama wuta, ƙasa sanyi," ya ce. "Ruwa ba ya yawo."

Ya sunsuna. Ya dube mu, ya gane. Ya juya baya ya tare wurin da jikinsa, ya ce wa Jan Wuya da Faransanci ya koma inuwa. Jan Wuya ya ƙi. Kojo ya kwance tiyon ƙasa. Ba ruwa ne ya fito ba. Kunu ne mai kauri, ja da tsatsa, yana zuba guda-guda a kan rairayi.

Jan Wuya ya tsuguna ya taɓa ya murza. Ya dubi jakar Arzika da ta yi sakayau.

Bai ɗauki igiya ba. Ƙarfen tayar da inji ya zaro, mai lanƙwasa, wanda ake sawa a gaban mato a murɗa. Arzika ya manta maganar Kojo ya kare da hannu. Na ji ƙashi ya karye kamar busasshen kara. Na biyu a haƙarƙari. Ya faɗi, Jan Wuya ya bi shi da takalmi a fuska. Na taso. Ya jefar da ƙarfen ya fizgo bindiga daga ɗakin mato ya harba tsakanin ƙafafuna, tsakuwa ta watsu mini a ƙauri. Na tsaya.

Kojo ya ce, "In kuna son kashe juna ku bari in gyara tukuna. Ina buƙatar hannu."

Muka cire tukunyar, ni da shi, ƙarfe yana ƙona tafi. Arzika yana kwance a rana, numfashinsa kamar mai yin fito. Na ja shi inuwa, Jan Wuya yana zagi, ban waiwaya ba. Kojo ya tambaye ni ko ina da kanwa. Ina da ita, ta cin taba. Ya dake ta, muka hura wuta da katakon wani akwati, muka tafasa ruwa a kwano, ya zuba kanwar. Muka kifa tukunyar, ya ɗura ruwan ta ƙasa, muka toshe bakunan da tsumma, muka kama ta mu biyu muna girgizawa. Kunu ya fito. Muka sake. Inda ya ƙi fita, Kojo ya zura siririyar waya yana tsokana a hankali, yana magana da tukunyar da harshen garinsu. Ruwan wankin bai bari ya taɓa ƙasa ba, a tasa ya tara shi. Ba ya shawuwa, kanwa ce da tsatsa, amma ya ce a nan ko fitsari ba a zubarwa.

Kunun da ya zuba a rairayi tun farko na kwashe samansa na ci. Ɗanɗanon ƙarfe da gida.

Da ya busa ta sama iska ta fita ta ƙasa, ya ce ta buɗe. Tsagar ma ta buɗe. Ya sa awartaki ya matse ɗan bututun da ya tsage, ya cusa sabulu. Muka mayar, muka ɗaure. Ya cika ta da ruwa mai kyau. Sannan ya karkaɗe jakar Arzika a tafinsa, ɗan garin da bai cika cokali ba, ya zuba a ciki.

Ya tsuguna kusa da Arzika ya ce, "Kai ɗan maginiya. Dabararka ba ta ɓaci ba. Ɗan yatsa ake sawa. Kai ka yi mata kunun ranar suna."

Arzika ya buɗe idon da ya rage a buɗe. "Ta ƙoshi dai?"

"Ta ƙoshi."

Wankin ya ci ruwa. Jan Wuya ya zura sanda a tano ya duba. Ya yi magana, Kojo ya fassara yana kallon ƙasa. Ruwan na mato ne, da buhu, da mutum uku. Mai karyayyen hannu ba ya ɗaukar faranti. Shi ya ɓata ruwa, shi zai zauna. In mun isa bariki a turo a ɗauke shi.

Kowa ya san ba a turowa. Kuma ko an turo, kafin nan rana ta gama.

Jan Wuya ya shuri ƙarfen tayar da inji ya zo gabana. Ya ce in murɗa. Na ɗauka, da jinin Arzika a jikinsa. Na je na tsaya kusa da Arzika.

"Biyu," na ce.

Arzika ya ce, "Tahi, Bebe. Ka ce ma inna na samu aiki."

"Rufe baki."

Jan Wuya ya matso ya ɗaga bindigar. Kojo ya ce masa ba mato da za ta ƙetare wannan rairayi babu mai faranti. Bai ji ba. Zafi ya riga ya hau masa kai, wuyan ya koma baƙi-baƙi. Na ga yatsansa ya motsa na kauce. Wuta ta ɗauke kunnena na hagu da fatar kumatu. Na faɗi kan gwiwa, duniya ta yi shiru.

Bindigar baki biyu gare ta, duka biyun sun yi magana. Ya karya ta yana lalube a aljihu.

Na tashi. Na sauke masa ƙarfen a wuyan hannu, daidai inda ya karya na Arzika. Bindiga ta faɗi. Na ƙara masa a gwiwa, ya zube yana kuka irin na raƙumi. Na ɗaga ƙarfen saitin kansa. Kojo ya rungume ni ta baya, ya sa baki a kunnen da ya rage.

"In ka kashe shi har garinku za a ƙone. Har tsohuwar."

Na sauke.

Muka ɗauki Arzika muka zaunar da shi a ɗakin mato, a kujerar Jan Wuya. Jikinsa ya yi zafi kamar murhu. Kojo ya ɗaure masa hannu da ɓallin akwati, ya ƙulle mini kai da tsumma. Ya ɗebi ruwan wankin nan na tasa ya jiƙa buhun taga sharkaf. Jan Wuya muka jefa baya kan fatu. Rabonsa na ruwa daidai da nawa, ban rage masa ba, ban ƙara ba. Na murɗa ƙarfen, inji ya tashi.

Ni kaɗai na yi farantan a wannan rairayi. In ja ɗaya, in koma in ja ɗaya, jini yana bin wuyana. Wani wuri da na zo wucewa ta taga na leƙa. Iska tana ratsa buhun tana shiga da sanyi da ƙamshin kunu. Arzika ya jingina kai, bakinsa yana motsi. Na kawo kunne.

"Ashe haka yake ji," ya ce. "Awa gindin randar inna. Bebe, tura da kyau, maigida shina hutawa."

Tukunyar ba ta ƙara tafasa ba.

A rijiyar Asamaka, kafin bariki, muka tarar da ayarin Buzaye za su kudu. Jan Wuya a lokacin ba ya gane kowa, sambatu yake yi. Kojo ya sauke fatu masu kyau da kan sukari daga kayan Jan Wuya ya ba madugun, suka ɗora Arzika kan raƙumi. Na so in bi su. Kojo ya ce akwai sauran rairayi a gaba, shi kaɗai ba zai fita ba, kuma in an rasa mu duka biyu za a bi sawun ayarin da mato. Gaskiya ya faɗa. Na hau baya.

A bariki Jan Wuya ya farfaɗo, bakinsa ya dawo. Kojo ya rantse wa sojoji cewa ɗayanmu ya mutu a hanya, shi ya binne shi. Saboda haka ba a nemi Arzika ba. Ni aka ɗaure a kan tano aka yi mini bulala har na daina ji. Daga nan aka kai ni fasa dutse a hanyar Tamanrasat, da sarƙa. Na samu aikin hanyar da mai babbar riga ya yi mana alkawari. Tuwo sau ɗaya ne.

Kojo ban ƙara ganinsa ba. Kafin a tafi da ni ya zo ya sa mini sauran sabulun nan a hannu.

Yaƙin Nasara ya zo ya wuce ina can. Mutane sun mutu a gefena, na kudu da na arewa. Ban san ko Arzika ya kai gida ba, ko a hanya suka tona masa rami. Da aka sake ni na biyo ayari, na biyo ƙafa, ta In Gal, ta Keita, har na hango duwatsunmu.

Da hantsi na shiga Allakaye. Wani mutum yana zaune ƙofar gidan gwaggo yana murza igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa, ɗayan hannun a shanye, a karkace. Ya dube ni ya daɗe.

"Dama kai bebe ne," ya ce. "Yanzu ka haɗa da kurumta. Ina ka baro kunnen?"

"Inda ka baro hannun."

Ya tashi ya kama ni da mai lafiyar. Ya ce tun da ya dawo gwaggo ba ta taɓa yi masa barka da zuwa ba. Tana ba shi tuwo, ta yi masa jinya, ta yi masa aure, amma in mutane suka ce ɗanki ya komo sai ta ce ba ta gani ba tukuna.

Tana cikin gida kusa da murhu, idanunta sun tafi. Muka durƙusa gabanta. Ta miƙo hannu ta shafa kansa, ta shafa nawa, yatsunta suka tsaya a inda kunne yake a da. Ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kaina, ta danna.

"To," ta ce. "Sannunku da zuwa."

Ta kira matar Arzika ta ce a dama kunu.